Takardun da Jan Biro Ya Hau

Shekarun baya, tun gwiwoyina ba su fara yi mini gardama ba, wani abu ya same ni da jikata a garin nan na Greensboro. Ya wuce, ya zama abin da ake tsokanata da shi a gida. Amma ni duk ranar da na tuna, sai na ɗan yi shiru. Ku gyara zama in ba ku.

Ni dai ban yi boko ba. Allon ma ban yi nisa ba, iyakacina abin da zan yi salla. Amma a gidan rubutu aka haife ni. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, da hannu yake rubuta Alƙur'ani, ni ce kuma mai dafa masa tawada. In ya cika shafi da baƙa sai ya bari ta bushe, sannan ya ɗauko wani alƙalami daban, ya tsoma a ja, ya bi yana sa wasulla ɗaya bayan ɗaya. Yakan ce mini shafin da ja ba ta hau ba, da sauransa. A gidanmu kuma ba a taka takarda, ba a jefa ta a shara. Wanda bai iya karatu ba, ina ya san wadda ke ɗauke da sunan Allah? Sai dai a tara. In ta yi yawa a ƙona, a binne tokar inda ƙafa ba ta bi.

Da wannan hali na zo ƙasar nan, ƙasar da takarda ke shigowa gida kullum ba sallama. Ɗana ne ya ɗauko ni bayan rasuwar matarsa, in riƙe masa 'yarsa. Sunan mahaifiyata aka sa wa yarinyar, don haka bakina ba ya iya kiran sunanta, Uwata nake ce mata. Ita kuwa in tana son wani abu ta ce Kaka, in tsokana ce ta ce Tsohuwa.

A wata jiha muka fara zama, can arewa, inda ƙanƙara ke toshe ƙofa. A nan ta girma, a nan ta yi shekara biyu a wata ƙaramar kwaleji. Nas take so ta zama, tun ranar da ta ga yadda aka yi jinyar uwarta. Cikin karatun nata akwai wani kwas na jikin ɗan Adam, ƙashi da jijiya da zuciya, kuma a jikina ta koye shi. Ina zaune ina tsince shinkafa sai ta zo ta ce, “Kaka, miƙo hannu.” Ta bi yatsuna tana dannawa, tana kiran sunayensu da Turanci.

“Wannan ƙashin naki ya yi tsatsa, Tsohuwa.”

“Shi ya goya ubanki, mara kunya.”

Duk takardar da ta gama da ita sai ta dunƙule ta jefa a kwandon shara. Ni kuma in ta fita sai in bi in tsince, in shimfiɗa ƙarƙashin katifa ta miƙe, in adana. Ba na faɗa wa kowa, don na san dariya za a yi mini.

Ana nan, ana nan, aiki ya ɗauko ɗana zuwa Greensboro. Ranar haɗa kaya ya buɗe ɗakina ya ga kwali uku cike da takardu. Ya riƙe ƙugu.

“Inna, don Allah mene ne wannan? Mota ba za ta ɗauki shara ba. Akwati ɗaya, shi ke nan.”

Na zauna na ware. Duk wadda na ga ja a jikinta na sa a tsohon akwatin da na zo da shi daga gida. Sauran na kai bayan gida na zuba a murhun nan nasu na gashin nama, na cinna, na binne tokar a gindin wata bishiya. Maƙwabcinmu Bature har ya leƙo ta katanga yana murmushi, ya zaci nama ne. Cikin abin da na ƙona akwai wata rawayar takarda, shafi huɗu ko biyar a maƙale, wadda ta yi wata huɗu manne a ƙofar firij. Na ɗaga ta, na juya ta gaba da baya. Babu ja. Na sa ta a wuta da bisimilla.

Muka sauka a unguwar Glenwood, a wani ɗan tsohon gida mai baranda, inda 'yan makaranta ke wucewa a kan kekuna suna ɗaga mini hannu. Na shuka kuɓewa da yakuwa a bayan gida. Uwata ta samu shiga jami'ar da ke kusa da mu, da ƙafa ma ana zuwa. Muka ce alhamdu lillahi.

Wata ranar Talata da hantsi na ji ta yi wata ƙara a ɗakinta. Na tarar da ita gaban kwamfuta, ta dafe kai. Ta fara yi mini bayani da Turanci, na ce ta dawo Hausa.

Ta ce, “Kaka, kowane kwas da mutum ya ci, ana ba shi abin da suke kira kiredit. Kamar mudu ne da ake auna karatu. In ka canza makaranta sai sabuwar ta sake aunawa. Sun karɓi sauran nawa, amma na jikin mutum sun ƙi.”

“Wanda kika koya a hannuna?”

“Shi.”

Wai takardar sakamakonta ba ta nuna ta shiga lab ba, wato ɗakin da ake taɓa abu da hannu, a riƙe ƙashi, a tsaga zuciyar tunkiya a gani. Ita kuwa ta shiga, ni shaida ce, don duk ranar Alhamis da wani wari take dawowa, sai na sa ta wanka kafin ta taɓa mini kwano. In ba su ƙirga mata wannan kwas ba, ba za ta shiga ajin nas na wannan shekara ba. Sau ɗaya ake ɗauka a shekara. Sai ta maimaita abin da ta riga ta ci, ta zauna jira har wata shekarar.

Na ce, “Ba a ba su haƙuri?”

Ta ce akwai hanyar neman a sake dubawa, mako biyu aka ba ta. Amma sai ta kawo silabus, takardar da malami ke rabawa ranar farko, mai nuna duk abin da za a koya. Ta nemi tsohuwar kwalejin, ashe an rufe ta bayan tasowarmu. Waya tana ta ƙara ba mai ɗauka. Malamin kuma ba wanda ya san inda ya koma.

“Rawayar nan ce, Kaka, wadda ke jikin firij. Da hannuna na jefar da ita.”

Ni kaɗai na san bishiyar da tokarta ke gindi.

Kwana uku ta rufe ƙofa. In na kai tuwo sai in dawo da shi da sanyi. Rana ta uku na ji tana gaya wa ubanta ta haƙura da karatun, za ta nemi a ƙara mata awanni a kantin da take aiki. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya fita aiki ransa a ɓace. Ni kuma na kasa faɗin abin da na yi.

To, sai na yi abin da na sani. A wurinmu in babba ya yanke wa ɗanka hukunci, ba yaro ke zuwa ba. Dattijo ke ɗaukar ƙafa ya je ya ba da haƙuri, kuma ba a zuwa hannu rabbana. Na dafa nama na daka, na soya dambu mai kyau, na cika kwano. Na ɗaure goro a sabon ƙyalle. Na ɗauko mayafin da na yi hawan Arfa da shi. Sannan na ƙwanƙwasa wa maƙwabciyata, wata Kirista 'yar Jos da kowa ke kira Anti. A kicin ɗin jami'ar take aiki, ta san kowane lungu. Ita ke kawo mini acca, ni ina ba ta yakuwa.

Da ta ji abin da ke tafe da ni sai da ta zauna don dariya.

“Hajiya, nan fa ba haka ake yi ba.”

“Ke dai kai ni, ki zama bakina.”

“To. In an kore mu, ni ban san ki ba. Dambun kuma ba zai koma gida ba.”

Washegari da safe muka taka. Ofishin masu lissafin kiredit ɗin yana hawa na biyu, an shimfiɗa masa darduma daga bango zuwa bango. Ni da na ga darduma sai na tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Anti ta ce in mayar, na ce ban zo neman alfarma da takalmi a ƙafa ba.

Matar da muka samu baƙa ce kamar mu, dattijuwa, gashinta ya yi fari, tabarau na rataye a wuyanta. Na fara gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, ya aiki, ya iyali, ya maigida, ya muka ji da sanyi. Anti ta juya ta faɗi kalma biyu.

Na ce, “Ke, duk gaisuwar nan tawa ce ta koma kalma biyu?”

“Ita ke nan tasu, Hajiya.”

Sai na ce bari in durƙusa, abin da ba ya buƙatar tafinta. Ina yin ƙasa matar ta zabura, ta zagayo tebur ta tare ni ta gwiwar hannu, tana kiran a kawo ruwa. Ta zaci suma zan yi. Da ƙyar Anti ta hana ta kiran motar asibiti.

Da aka nutsu na faɗi abin da ya kawo ni. Na ce yarinyar marainiya ce. Na ce ba ta taɓa ɗaga wa babba murya ba. Na ce in laifi ta yi, ni zan ɗauka, a dubi furfurata. Na tura kwanon dambu da goro gabanta.

Ta saurare ni har ƙarshe, ba ta katse ni ba. Sannan ta turo mini kwanon a hankali da hannu biyu. Anti ta ce, wai ƙamshin ya tuna mata girkin kakarta, amma doka ta hana ta karɓa. Wai kuma ba za ta iya yi mini maganar jikata ba, don yarinya ta girma, sirrinta nata ne. Wai ba ma ita ke yanke hukunci ba, wasu malamai ne ke zama, kuma ba fuska suke dubawa ba, takarda suke dubawa.

Kunya ta rufe ni. Tsohuwa da ni, na ɗauko ƙafa, na tuɓe takalmi, an mayar mini da kwanona. Na fara ɗaure ƙyallen goro. Ban san abin da ya buɗe mini baki ba. Wataƙila don baƙuwa ce, ba zan sake ganinta ba.

Na ce, “Anti, gaya mata ni na ƙona takardar.”

“Hajiya!”

“Gaya mata. Yarinyar ta jefar, na tsince, na adana, da hannuna kuma na sa ta a wuta.”

Anti ta faɗa. Matar ta sa tabaranta ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Sannan ta yi magana a hankali, tana tsayawa don Anti ta juya mini. Ta ce ba maganar jikata take yi ba, maganar kowane ɗalibi ce. In silabus ta ɓata, ba shi ke nan ba. Ana iya kawo aikin da aka yi shi kansa, takardun da malami ya duba ya sa maki, masu kwanan wata. Yana rubuce a ƙasan fom ɗin da ƙananan baƙaƙe, amma wanda ransa ya ɓaci ba ya kaiwa ƙasan takarda.

Na ce, “Tambaye ta, ta yaya ake gane takardar da malami ya duba?”

Ba ta ma jira Anti ta gama ba. Ta zaro wani biro daga cikin kofi, ta jawo guntuwar takarda, ta yi ɗan zane a kai, ta ɗaga mini.

Ja ne.

Na zauna a kujera ba wanda ya ce in zauna.

Har mun kai bakin matakala matar ta biyo mu da takalmana a hannu.

Da na isa gida ban cire mayafi ba. Na jawo akwatin daga ƙarƙashin gado, na ja shi har ƙofar ɗakinta.

“Uwata, fito.”

“Kaka, ba na jin yunwa.”

“Ba abinci ba ne.”

Ta buɗe, idanunta sun kumbura. Na ce ta tsaya ta ji ni tukuna. Na gaya mata duka, tun daga kwandon shara har gindin bishiya, har ofis. Na zaci maganar ƙonawar ce za ta yi mata zafi. Ashe ba ita ba ce.

“Ofis kika je? Da dambu? Kaka, kin kashe ni! A makarantar nan zan yi shekara biyu fa!”

“Ba su karɓa ba. Anti ta tafi da shi.”

Ta rufe fuska da hannu, ban san ko kuka take ko dariya ba. Na buɗe akwatin. Ƙamshin kafur da turaren wuta ya tashi. Ta sauke hannu, ta duba, ta durƙusa.

Ta ɗago takardar da ke sama. “Kaka, wannan ai tallan soyayyar kaza ne.”

“Da ja a jiki.”

“Wannan kuma na kantin katifa.”

“Ci gaba dai.”

Ta ci gaba. Can sai ta kai ga nata takardun. Ga zanen ƙashin hannu, da rubutunta, da jan biron malami a gefe. Ga zuciya. Ga huhu. Kowacce da kwanan wata a sama, da sa hannunsa a ƙasa. Ni ban jera su da lamba ba, yadda suka zo mini haka na ajiye, ta farko a ƙasa, ta ƙarshe a sama. Ta shimfiɗa su a tsakar ɗaki, mako bayan mako, har suka kai bakin ƙofa. Ta bi da yatsa, ta tsaya.

“Saura ɗaya. Ta makon ido.”

Na ce, “Tana nan. Kallona take yi, shi ya sa na kife ta.” Na zaro ta daga aljihun murfin akwati.

Ta karɓa. Ta kifa kanta a cinyata kamar lokacin da take ƙarama. Daga baya ta ɗago ta ce ko akwai sauran tuwon jiya.

Kwana biyu ta yi tana rubuta wasiƙar. Ta karanta mini, tana juyawa da Hausa. Ga kwas ɗin da na yi, ga abin da kuka ce babu, ga shaidar cewa akwai, mako kaza mun yi kaza. Ta ɗauko tsarin kwas ɗin jami'ar ta jera kusa da nata, layi da layi. Na saurara har ta kai ƙarshe.

Na ce, “Ba ki sa ke marainiya ce ba.”

“Ba zan sa ba.”

“Ki sa mana, zuciyarsu ta yi laushi.”

Ta ce, “Kaka, ba tausayi nake nema ba. Na yi karatun.”

Na ƙyale ta.

Ubanta ne ya ɗauki takardun ya kai inda aka ɗauki hotonsu aka tura. Shi da ya kira su shara, a kujerar gaba ya ɗora su. Ban tuna masa ba. Washegari dai na buɗe ƙofar ɗakina na ga sabon akwati, babu komai a ciki, an ajiye mini.

Muka shiga jira. Kuɓewata ta yi fure, ta zubar, ta fara 'ya'ya. Wata rana bayan la'asar ina baranda ina yanka ta, sai ga Uwata ta fito da waya a hannu, tana tafiya kamar mai ɗauke da ruwa a faranti. Ta zauna kusa da ni. Ta karɓe wuƙar ta ajiye.

“Kaka, miƙo hannu.”

Na miƙa, duk yauƙi. Ta bi yatsuna tana dannawa, tana kiran sunayen nan da Turanci, hawaye na sauka a kan ƙashin da ta ce ya yi tsatsa. Sai da ta kai ƙaramin yatsa ta ce, “Sun karɓa.”

Anti ta jiyo mu daga gidanta, ta fito da ludayi a hannu tana guɗa, har 'yan kekuna suka tsaya kallo.

Yau shekaru ke nan. Uwata nas ce, tana tashi da asuba ta tafi asibiti, marasa lafiya suna kiran sunan da ni ba na iya kira. Na sha zama in auna abin nan. Ni na tafi roƙo, ita ta tafi da shaida. Duk rayuwata na ɗauka durƙuso shi ke buɗe ƙofa, kuma sau da yawa ya buɗe mini. Amma ban taɓa lura ba sai ranar, cewa in mutum yana da gaskiya ka je kana roƙa masa alfarma, ka rage masa wani abu. Jikata ce ta koya mini wannan, da furfurata. Ita ma dai takan ce da ban tuɓe takalmi a ofishin nan ba, da har yau ba ta kai ƙasan fom ɗin ba. Mun bar shi a haka, kowa da nasa.

Rawayar takardar kuwa har yanzu takan faɗo mini a rai. Na riƙe ta a hannuna, na juya ta, ban san me na riƙe ba. Wannan ba ya wucewa gaba ɗaya, sai dai ya yi sauƙi.

Yanzu an daina takarda, komai a waya yake. Labarin nan ma ina faɗa ne Uwata tana dannawa, tana gardama wai ba ta ce na kashe ta ba. Ta ce kuwa. Na gaya mata in ta gama ta fitar mini da shi a takarda, ta bi shi da jan biro ko sau ɗaya ne. Ta ce ai babu kuskure a ciki.

Na ce ba kuskure nake nufi ba. Da sauransa ne kawai. In ja ta hau, sai in sa shi a akwati.